Zakaran da Habibu Yake Zaɓa

Daren Laraba, watan Rajab, unguwar Sabo

Har yanzu zuciyata ba ta gama natsuwa ba.

Bayan la'asar jikata Hauwa'u ta kunna wasan faɗa na talabijin, irin wanda mahaifinta, marigayi Habibu, yake yi yana yaro. A zamaninsa mayaƙan kaɗan ne, hotonsu dishi-dishi. Yanzu an tattaro jarumai daga wasanni dabam-dabam har sun cika allon.

Ta ce, "Tsoho, dakata da carbin nan. Wanne Baba yake zaɓa?"

Habibu ya rasu ba ta yi wayo ba, kuma ba sauran mai ba ta amsa sai ni, da nake leƙa wasan kawai idan na zo kiransa salla. Na gyara tabarau, na bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ina tsoron ko an cire nasa. Can a kusurwa na hango zakara mai takobi, an yi masa sabon sulke.

Na ce, "Ga shi nan, amarya."

Ta zaɓe shi, nan take aka kayar da ita. Na ce haka ubanta yake shan kaye kullum. Ta yi dariya, dariyarsa sak.

Allah Ya haskaka kabarinka, Habibu.