Ni Na Lalata Kirik ɗin Labo, Mushe Aka Fasa wa Baki

Assalamu alaikum mai wannan shafi, da masu karatu manya da yara. Don girman Allah a ɓoye lambata, sunayen da za ku gani ma duk na canza su. Ni dattijo ne, karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutuna. Wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Shawara nake nema, kuma da gaggawa, domin jinin mutum ne a tsakani.

Na yi aiki shekaru masu yawa a wata lakwal, wato makaranta, ta sakandare a yankin Magariya. Planto aka ɗauke ni, wato masinja, daga baya aka ba ni mabuɗin labo, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Ni ke shara, ni ke wanke kwalabe, ni ke jera kaya kafin yara su shigo. Malamin da ya fi shiga ɗakin zan kira shi Mushe Lawali, don Mushe muke ce wa malamin lakwal, saurayi ne siriri mai yawan dariya, bai taɓa kiran sunana ba sai Baba, kuma ba ya zuwa ba goro a aljihunsa domina. A cikin kayan ɗakin akwai wani ɗan kirik, irin na ɗaga mota amma ƙarami, faranti a sama, ƙafafu kamar almakashi, da abin murɗawa a gefe. A kansa ake ɗora risho da tukunyar mai, a murɗa su hau har su taɓa gindin kwalbar da aka ɗaure a jikin sandar ƙarfe. Ranar da ya fara nuna min ya ce, "Baba, kwalba ba ta motsi, wuta ce ke zuwa wurinta. In abu ya nemi ɓaci sai ka murɗa nan, wuta ta sauka, an tsira ke nan. Ran mutane ne a kan ƙarfen nan, kar a ɗora masa abin da ya fi tukunya." Na ce, "Mushe, wannan ai na motar aljanu ne." Ya ce, "To ka bar wa aljanun kayansu." Muka yi dariya.

Da aka yi hutun damina sai na sayi wani tsohon moto, wato babur, ina zuwa gonata wajen Bande. Ƙafar tsayuwarsa ta tsakiya a karye take, in taya ta yi faci sai an nemo masu ɗagawa. Shaiɗan ya tuna min da kirik. Na sa shi a buhu na kai gida, na cusa shi ƙarƙashin moto na murɗa, taya ta tashi sama. Maƙwabta suka taru suna mamaki, ni kuma kai ya kumbura, har ina cewa kayan Turawa ne, ba kowa ya iya shi ba. Haka na yi ta yi, sai ranar da ƙyuya ta hana ni sauke buhun gyaɗa daga kan moton. Ina murɗawa na ji ƙas! Haƙoran ƙusar da ke ɗaga shi sun cinye, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe. Me ya hana ni in je in ce Mushe ga abin da na yi? Zai kashe ni ne? Iyaka ya yi faɗa, iyaka daraktan lakwal ya kore ni. Amma na ɗauki guduma na miƙe ƙafar, na nannaɗe ƙusar da zare, na shafe da baƙin mai, na gwada shi ba komai a kai, ya hau ya sauka, na mayar da shi wurinsa na kulle ɗaki.

Bayan an koma lakwal, wata safiya Mushe ya ce in haɗa kaya za a tace alkol, ruwan nan mai saurin kama wuta. Da hannuna na ɗora risho da tukunyar mai a kan kirik ɗin. Da hannuna! Man ya yi zafi yana hayaƙi, Mushe ya kira wani yaro mai suna Habu, ɗan mahauci, mai kaifin ido da kaifin kai, ya ce ya matso ya karanta ma'aunin zafi. Ina tsaye bakin ƙofa na ga farantin ya ɗan karkata. Na kau da kaina. Kwalba ta fara tafasa da ƙarfi, Mushe ya ce, "Ku kalli yadda ake sauke wuta," ya kai hannu ya murɗa. Kirik ya rufta gaba ɗaya. Tukunya ta bugi kwalba, kwalba ta fashe, mai da alkol suka haɗu da wuta suka watsu a fuskar Habu. Wallahi ihun yaron nan ba irin na mutane ba ne. Gashin kansa na ci, fatar kumatunsa na zamewa, yara na tattake juna a ƙofa. Na tuɓe rigata na lulluɓe shi na sungume shi waje, aka ɗora shi a amalanke sai gidan likita.

Labari ya kai mahauta kafin in dawo. Na shiga labo na tarar da Mushe a durƙushe, hannayensa duk sun sale, yana riƙe da kirik yana zaro zare daga jikin ƙusa. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Baba, wannan zaren fa?" Sai ga uban Habu da 'yan uwansa sun ɓalle ƙofa, da sanduna, da wuƙaƙe, jinin yanka bai ma bushe a rigunansu ba. Darakta ya riga ya kulle kansa a biro, wato ofishinsa. Uban ya ce, "Ina ɗan iskan da ya soya min ɗa?" Mushe ya miƙe ya ɗaga kirik sama ya ce, "Ku tsaya ku ji, bayin Allah, abin nan wani ne ya..." Jama'a, ban san lokacin da na fizgi sandar ƙarfen da ake ɗaure kwalba ba. Na zabga masa a baki da duk ƙarfina. Na ji ƙashi ya ba da ƙara, haƙora suka zubo ƙasa da jini. Na ce, "Maƙaryaci! Ka ƙona ɗan mutane kana neman wanda za ka laƙa wa!" Sai suka rufe shi. Suka ja shi waje ta ƙafa, kansa na bugun dakali, suna duka suna tattakawa, wani ya yanke shi a cinya, ni ma ina cikinsu ina harbi da ƙafa, ina addu'a a raina kar ya tashi. Jandarmomi ne suka ƙwace shi. A cikin hayaniyar na ɗauke kirik na jefa a masai.

Bai mutu ba. An kai shi Damagaram an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, ya daɗe ba ya magana, daga nan aka ce ya bar koyarwa ya tsallaka Najeriya wurin dangi. Har yau bai ambaci sunana ba, ban san dalili ba, kuma wannan shirun nasa ya fi duka ciwo. Habu kuwa ido ɗaya ya tsiyaye, ɗayan inuwa kawai yake gani. Karatu ya ƙare, ya gaji uban, da lalube yake fiɗa amma ba wanda ya kai shi iya wuƙa. Ni ne gwarzonsa. Ba ya yanka bai aiko min da tsoka ba, ɗansa na fari sunana ya sa masa. In na zo wucewa sai ya ɗaga murya, "Ku matsa wa Babana! Shi ya ɗauke ni daga wuta, shi ya fasa bakin azzalumi!" Ina murmushi, ina karɓar nama, ina ci. Wane irin mutum ne ni?

To yanzu Mushe ya dawo garinsu wajen Dancawo, yana kiwon awaki, yana kawo su kasuwar Magariya. Na gan shi da idona, ya tsufa, bakin ya karkace, yana ɗingishi. Na juya zan gudu ya riga ya gan ni. Ya ce, da ƙyar maganar ke fita, "Baba, ashe kana nan. Ina gajiya?" Ya ja akuyarsa ya wuce.

Habu ma ya ji. Jiya ya aika aka kira ni rumfarsa, na tarar yana wasa wuƙa. Ya ce, "Baba, an ce mutuminmu ya dawo." Na ce, "Habu, abin da ya wuce a bar wa Allah." Ya yi dariya ya ce, "Na bar wa Allah ido ɗaya, Baba. Ɗayan nake bi." Na ce kana da iyali, kana da yara. Ya ce, "Yaran da ban san kamanninsu ba? Kar ka ji tsoro, ba kashe shi zan yi ba, so nake shi ma a riƙa ja masa sanda. Ni ba na gane fuska, kai kana ganewa. Ranar kasuwa ka riƙe hannuna ka kai ni gabansa, ka ce ga shi. Sauran aikina ne." Ya lalubo hannuna ya matse ya ce, "Kai ka fara, Baba, ka taya ni ƙarasawa."

Na san Habu, ba ya faɗa ya fasa. In na ƙi, masu nuna masa suna da yawa a kasuwa. In na kai shi wurin jandarma, na makantar da shi kuma na ɗaure shi. In na ce wa Mushe ya gudu, na kore shi daga garinsu karo na biyu, kuma da wane baki zan tsaya a gabansa? In kuwa na faɗa wa Habu gaskiya, wuƙar tana hannunsa, ni ma ina kusa, kuma ban ce ban cancanta ba, amma ina tsoro, wallahi ina tsoro. Na ce masa zan yi tunani, ya ce in zo da wuri kafin masu awaki su watse.

Kasuwa jibi ce. 'Yan uwa, iyaye, malamai, ku faɗa min don Allah, me zan yi?