Yaya Ya Canza Fenti Bayan An Gama Gwaji

Malama, ki taimake ni da shawara. Shekaranjiya jami'in duba kaya ya ƙi sa hannu a takardar shaidar ingancin kujerunmu. Ya kankari fenti kaɗan, ya zuba a leda, ya tafi da shi. Kwantena na tsaye a bakin shago ba komai a ciki, jirgin ruwa kuma ƙarshen wata zai tashi.

Bari in koma baya. Yayana kafinta ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba, shi ya sa ni makaranta. Ni ke kula da ofis, wato tebur ɗaya da fanka a kusurwar shago. Bara wani kamfani a ƙasar waje ya ba mu aikin ƙananan kujeru da tebura na makarantun renon yara. Dokar ƙasarsu ita ce sai an gwada samfur a ɗakin gwaji, sannan kafin lodi jami'i ya zo ya tabbatar abin da za a tura daidai yake da wanda aka gwada. In ba wannan takarda, kwastan ɗinsu ba za su bar kayan su shiga ba. Mun aika kujera ɗaya. Aka jijjiga ta, aka ɗora mata nauyi, aka gwada fentinta, ta tsallake.

To, Yaya ba ya iya barin aiki yadda aka ce. In ka kira shi gyaran ƙofa sai ya gyara maka har da taga. Da aka zo shafa fenti, ya ce na samfurin ya yi dishi-dishi kamar kujerar asibiti, yara kuwa abu mai walƙiya suke so. Ya je wurin wani tsohon abokin cinikinsa ya sayo ja da ruwan ɗorawa masu sheƙi, cikin manyan bokitai marasa rubutu. Bai faɗa mini ba, don a ganinsa kyautatawa ce. Ni ma da na gan su har hoto na ɗauka, ban kawo komai a raina ba.

Jami'in na shigowa ya kara hoton samfur kusa da kujera, ya ce a nuna masa gwangwanin fenti. Yaya ya janyo bokiti yana murmushi, yana jiran yabo.

Yanzu gida ya rikice. Yaya ya ce fenti fenti ne, shekara da shekaru yana shafawa bai ji wanda ya mutu ba, mutumin na goro kawai yake nema. Wani abokinsa ya ce ya san mai buga mana takardar, hatimi da komai. Shi kuma Yaya so yake in rubuta wa kamfanin duba kayan cewa fentin ɗaya ne, mai sheƙi kawai aka ƙara a sama. Na ƙi. Ya ce ashe bulala ya sayo wa kansa da ya kai ni makaranta, yanzu Hajiyar Takarda ta fi mai guduma sanin kujera. Inna ta kira ni ɗaki ta ce ba a kunyata babba a gaban baƙo. Tun jiya ba ya amsa gaisuwata, ko makullin sito matarsa ya aiko ta karɓa.

In na tsaya kan gaskiya jirgi ya bar mu, ina tsoron ba zai yafe mini ba. In na rubuta ƙarya, sunana ne a ƙasan wasiƙar. Ya zan yi?

Ƙanwar Kafinta

Amsa:

Ƙanwata, kada ki rubuta wasiƙar nan, kada kuma ku kusanci takardar abokin Yaya. Irin wannan shaida lamba gare ta, kuma can ana bincika lambar kafin a saki kaya. In aka kama ta bogi, kujerun za su zauna a tasharsu, daga baya a dawo da su ko a lalata, sunan shagonku kuma ya ɓaci wurin mai saye da hukuma duka.

Amma ki yi wa Yayanki adalci. Ba ha'inci ya yi ba. Abin da sana'arsa ta koya masa ya yi, a ba mai kaya fiye da abin da ya nema. A kasuwar gida wannan mutunci ne. A fitar da kaya waje kuwa, duk abin da aka sauya bayan gwaji, ko ya fi kyau, sabon kaya ne da ba a gwada ba. Tambayar jami'in ma ba ta banza ba ce. Akan sami gubar dalma a wasu fentin masu launi mai ƙarfi, yaro ƙarami kuwa bakin tebur yake gwaguya. Bokitin da ba rubutu, mai sayar da shi ma wataƙila bai san abin da ke ciki ba.

Ki kira mai sayen kayan yau, ya ji daga bakinki kafin ya ji daga wani, ki nemi a ɗaga zuwa jirgi na gaba. Ki tambayi kamfanin duba kayan, a rubuce, ko za su amince da sabon fentin idan ya tsallake gwaji. In bai tsallake ba, sai a goge shi da samfefa a mayar da fentin farko. Kada kuma wani ya ce a sayar da su haka a gida, yaranmu ma 'ya'ya ne.

Maganar Yaya, kada ki yi ta a shago gaban ma'aikata. Ki same shi a ɗakin Inna, ki tambaye su su biyun ko za su bar autansa ya ciji kujerar nan. Sannan ki bar masa ya je wurin mai fentin da kansa ya nemi sanin inda aka yi shi, don gyaran ya fito daga hannunsa. Gaisuwa kuwa ki ci gaba da yi, ko ya amsa ko bai amsa ba.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya kai kujerun lafiya. Na tuntuɓi mai wasiƙar kafin a buga shafin nan. Ta ce Yaya ya aiko a tambaye ta sunan fentin farko da ke takardar ofis, amma sakamakon gwajin sabon fentin bai fito ba tukuna.