Zanen Gora na Baban Wai-Kit

Yaya Siu-Fong,

Ya ƙafar taki, ya jikoki? Ni lafiya lau a birnin Sidni, ina dai cin abinci, kada ki damu.

Kin tuna zanen itacen gora da maigidana, baban Wai-Kit, ya yi da tawada kafin rasuwarsa? Yaron ya karɓa, wai zai sa masa gilashi. Jiya ya kai ni wajen nuna zane-zanensa, sai ga zanen uban a bango, ya lafta masa fentin Turawa, ya buga jan hatiminsa kan na ubansa.

Wai, “Mama, ni da Baba muka yi shi tare.”

Mutane suna tafa masa, ni ma na tafa.

Ki aiko min da busasshen ɓawon lemo. In kun je share kabarin maigidan nawa, kada ki gaya wa marigayin abin da yaron ya yi.

Ƙanwarki,
Mei-Kuen