Katifar Muntasir ba ta barci ba ce

Uwar Uzairu,

Kina gidan suna, sai Muntasir ɗan kabu-kabu ya kawo mani katifa daga Ƙonni, can tsallaken iyaka, wai kyauta, ko bayana zai bar ni in yi barci. Na kwanta bayan azahar, ina juyawa na ji cikinta kacau-kacau. Tunda nake ban taɓa jin soso ya yi ƙara ba. Ɗinkin gefenta ma sabo ne. Ko mi ne ciki, ajiya yaron nan ya yi mana, kuma masu kayan za su biyo sawu.

Na kulle ɗakin, na tafi wurin mai unguwa. In aka kira magariba ban dawo ba, kar ki jira ni, kwashi yara ku tafi Amarawa wurin yayanki.

Ma'aruf