Guga Ya Koma Hannunka

Zuwa ga ɗana Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikinka, yaya karatu, yaya mutanen Zariya? Mu nan Roni lafiya lau.

Ina jan kunnenka: kada na sake jin ka ce kan mace ba ya ɗaukar lissafi. Sakamakon kwalejin su Binta ya fito, ƙanwarka ta wuce duk mazan ajinsu. Yarinyar da take bita a bakin rijiya, guga a hannu, kai kana kwance da rediyon babanka! Har Kawu Isa ya taso daga Kazaure ya sa mata albarka.

Ka gai da abokanka, ka saka mu a addu'a. Daga hutun nan, ɗiban ruwan safe naka ne, ita ta zauna da littafinta.

Mahaifiyarka.