Tsanin Da Na Kai Aji

Litinin, 3 ga Fabrairu

Uwar-tambaya ta kira ni da hantsi. Shekara huɗu ke nan da ta bar ajina na ɗa'ar aikin lauya, amma har yau sunan da 'yan ajinsu suka laƙaba mata saboda yawan tambayarta ne a wayata. Muryarta a dakushe. Wani direba da take wakilta, wanda ya kai kamfaninsu kotu kan ciwon baya sakamakon haɗarin mota, ya kai ƙararta gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi. Wai ta tona masa asiri. Ana tsakiyar shari'a lauyan kamfani ya miƙe ya ce masa, "Tsanin da ka faɗo daga kansa a gidan mahaifiyarka fa?" Shi ke nan, diyya ta bi ruwa. Direban ya rantse ita kaɗai ya taɓa gaya wa zancen tsanin. Idan kwamiti ya yarda, lasisinta ne zai tafi.

Ta ce, "Malama, wallahi ban faɗa wa kowa ba." Na ce na yarda da ke, 'yata. Sai da na ajiye wayar na fara tuna wani abu.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Ta faɗa wa mutum ɗaya. Ni.

A ofishina, watan Oktoba. Shawara ta zo nema: mutumin ya gaya mata bayansa ya fara ciwo tun kafin haɗarin motar, da ya faɗo daga tsani a gidan uwarsa, yaya za ta yi? Ba ta kama suna ba. Ni kuwa da son kowa ya gane darasi, na kwasa na kai aji. Na mai da direba makaniki, na ƙara masa shekaru. Tsanin da gidan uwar ne na bari, don sun yi daɗin faɗa. Aka yi ta muhawara har lokaci ya wuce, na fito ina jin kaina a sama.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na gano hanyar. Matar lauyan kamfanin ɗalibata ce, layi na uku, mai yawan rubutu. Na tambaye ta a hankali. Ta yi dariya, ta ce ai duk labaraina a gida take maimaita su, maigidanta ma cewa yake in buɗe gidan rediyo. Ba ta san komai ba, baiwar Allah.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Baban yara ya ce in yi shiru. "Kwamiti ba shi da shaida ko ɗaya. Ki buɗe baki, ke ce shaidar." Gaskiyarsa. Na ce shekara ashirin ina koyar da akasin haka. Ya ce, "Koyarwa daban, yarinyar mutane daban." Na wanke kofunan da na riga na wanke.

Talata, 18 ga Fabrairu

Ban iya shirun ba. Na je ofishin Uwar-tambaya, ɗan ɗaki a bene na biyu, fayil-fayil har kan taga, baƙar rigar kotu a rataye bayan ƙofa. Na faɗa mata duka. Sannan ta ce, "Da na ce ban faɗa wa kowa ba, ban lissafa da ke ba, Malama. Ban ɗauke ki bare ba."

Na ce laifin nawa ne, ni zan je in faɗa. Ta ce asirin a hannunta aka damƙa shi, ba a nawa ba. Na ce to ko mu bar shi haka? Ni, da bakina. Ta ɗago ta dube ni, kallon da ba zan manta ba. "Ke kika ce mana ba a yi wa kwamiti ƙarya."

Ba ta tambaye ni komai ba. Uwar-tambaya guda.

Talata, 4 ga Maris

Zaman kwamiti. Mutum uku a kan dogon tebur, ɗaya tsohon ɗalibina ne, ya ƙi haɗa ido da ni. Uwar-tambaya ta faɗi nata, na faɗi nawa. Direban yana gefe, ya dafe ƙugu, zama ma da ƙyar. Da muka fito ya ce mini, "Ashe da bayana kika yi darasi, Hajiya."

Juma'a, 21 ga Maris

An dakatar da ita, shekara ɗaya. Ni ko takardar gargaɗi babu, wai ba ni ce lauyarsa ba.

Lahadi, 23 ga Maris

Na kira ta sau biyu. Ta turo saƙo: "Lafiya lau, Malama. Na gode." Ko "'yarki ce" da take sa wa a ƙarshe babu.

Litinin, 7 ga Afrilu

Dogo ya leƙo ofis, ɗan ajin su Uwar-tambaya, yanzu lauya ne mai mota. Ya ja kujera da murna, ya ce, "Malama, akwai wata shari'a a hannuna, sai kin ji." Na ce bari in kawo maka ruwa. Na dawo na tambaye shi matarsa, da jaririn, da ciwon ƙafar babansa. Sau biyu yana komawa kan shari'ar, sau biyu ina kawo wani zance. Ya tafi yana cewa yau Malama ba ta da lokacinmu.

Lokaci kam ina da shi. Har ƙarfe huɗu ina zaune, babu wanda ya shigo.