Na Wanke Saiwar Ciyawar Teku

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ciwon gwiwa. Mu ma lafiya lau, sai dai Auta ta fara haƙori, ba abin da ke tsira daga bakinta.

Yaya, tsabtar nan tawa da kuke yi mini tsiya a kanta ta ja mini. Kin san aikinmu dasa ciyawa ne a ƙarƙashin teku, inda ƙananan kifi ke fakewa. Wata uku ina ɗebo ta, in kai ɗakin gwaji, in wanke saiwarta tas har da magani, sannan in dasa. Duk ta yi rawaya ta mutu. Garin neman gira na rasa ido. Tsohon da ke tuƙa mana kwalekwale ya ce shi bai yi boko ba, amma bai taɓa ganin an raba shuka da ƙasarta ta yi albarka ba.

Da na duba taɓon da nake wanke mata a madubin da ke ƙara girman abu, ashe gari guda na kora. Ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Wasu suna cikin saiwar, suna kamo iskar naitirojin da ta narke a ruwa su mayar mata da ita taki, ita kuma ta ba su sukari. Wasu suna ruɓar da matattun ganye, abincin ya sake zagayowa. Nakan daɗe ina kallonsu suna ta kai da kawowa shiru, har in manta shayina ya huce.

Shugabarmu ta ce dashen nan shi ne na ƙarshe, in bai kama ba za a rufe aikin. Na dasa ɗari biyu da taɓonsu, ban wanke ko ɗaya ba. Jiya da hantsi na nutsa, hasken rana yana lilo a kan yashi, ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Can kusa da ƙarshen layi na ga sabon ganye, kore shar, bai kai farcen Auta ba. Guda ɗaya tak, Yaya, amma sai da na yi kuka a cikin gilashin ninƙaya.

Ki gaida Inna da Kawu da Gwaggo Ƙarama. Ki ce su sa mini sauran ɗari da casa'in da tara a addu'a.

Taki har kullum,
Ƙanwarki.